Ƙusoshin Ƙofar Inna Mai Inji

Duk wanda ya taɓa kai niƙa shagon Inna Mai Inji ya san ba a faɗa wa ƙofar nan da gaggawa. In ka yi sauri, ƙusa za ta kama maka hannun riga, ko ta ja wa mace gefen mayafi. Ƙusoshi ne goma sha ɗaya a jikin katakon ƙofar ta hannun dama, daga idon sawu har ƙirjin babban mutum. Ba a jere suke ba, ba kuma iri ɗaya ba ne. Mata sun yi mita har sun gaji. Amsar Inna ba ta canzawa, kuma da ƙarfi take bayar da ita, don shekara arba'in a gindin inji sun mantar da ita yadda ake magana a hankali.

"Ki raɓe su mana! Sun riga ki zuwa nan."

Kowace ƙusa ambaliya ce guda. Layin da shagon yake shi ne na ƙarshe a garin. Daga shi sai gonaki, daga gonaki sai kogi. Yawancin shekaru kogin yana zaune inda Allah ya ajiye shi, amma wata shekarar sai ya cika ya batse, ya ratso gonaki, ya shigo layin yana leƙa kowace ƙofa kamar mai cigiya.

Mahaifin Inna kafinta ne, shi ya gina shagon. Tana da shekara bakwai ruwa ya fara shigar masa. Da ya janye, ta ga tsohon ya durƙusa a bakin ƙofa, ya duba inda laka ta bar layi a jikin katako, ya ɗauko ƙusa ya kafa daidai wurin. Ta tambaye shi ta mece ce.

Ya ce, "Nan ya tsaya. Baɗi za ki ji wani ya rantse har wuya ya kai masa, wani ya ce ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba. To, mu ga tamu shaidar."

Huɗu ya kafa kafin ya rasu, duk tsakanin ƙwauri da gwiwa. Babu wanda ya gaji sana'arsa, shagon ya faɗo hannun Inna. A lokacin ta auri wani makanikin injin ban ruwa, mutum mai shiru-shiru, wanda ita da 'ya'yanta suke ce wa Malam. Shi ya samo tsohon injin niƙa, ya kwance shi tas, ya sake ɗaure shi, ya gina masa dakalin siminti a tsakiyar shagon. Kafin ya aza bulo ko ɗaya sai da ya auna ƙusar surukinsa mafi tsawo, ya ƙara taƙi biyu a kai. Daga ranar wannan ta zama dokar shagon: inji yana sama da ƙusar ƙoli da taƙi biyu. Malam ya kafa nasa biyu, sannan ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ya bar Inna da 'ya'ya biyar da inji mai taurin kai.

Dangi suka ce ta sayar. Wa ya taɓa ganin mace da baƙin mai har gwiwar hannu? Inna ta saurare su har suka gama, ta raka su bakin ƙofa, ta dawo ta ja igiyar injin. Ya ƙi tashi. Ta sake ja. Sai a ja na goma sha wani abu ya yi tari ya kama, kuma tun daga ranar ba ta sake neman shawarar kowa ba. Ta koyi ɗaura bel, ta koyi wasa haƙoran injin, ta san ƙarar da yake yi in yana son mai da wadda yake yi in kawai rigima yake ji. Girarta kullum fari fat da gari. In aka ajiye mata kwano goma a layi, ba ta tambayar na wane ne wannan. Da ganin hatsin ta san gidan, ta san ko an wanke shi da kyau, kuma za ta faɗa wa mai shi a gaban kowa.

Shekara uku bayan rasuwar Malam aka yi sabuwar hanyar mota ta bayan layin. Aka ɗaga ta sama kamar katanga, aka bar wa ruwa wata 'yar kwalbati wadda ko akuya sai ta duƙa za ta wuce. A da, in ruwa ya shigo layin, wucewa yake yi ya gangara fadamar da ke ƙasa. Yanzu sai ya zo ya tarar hanya ta tare shi, ya tsaya yana tasowa. Ƙusa ta bakwai, ta farko da Inna ta kafa da hannunta, a cinya ta tsaya. Ta ƙara wa dakali tsawo. Ta takwas kuwa har ƙirji. Ruwan ya haye dakalin, injin ya kwana biyu a nutse.

Inna ba ta yi kuka ba, ko kuma babu wanda ya gani. Ta kwance injin ɗai-ɗai kamar yadda ta ga Malam yana yi, ta wanke da kalanzir, ta shanya a tabarma kwana tara. Ta sa aka ɗaga dakalin har sai da aka yi masa matakala uku. Da rani ya shigo, ta ɗauki tabarmarta ta nufi ofishin gunduma. Kowace safiya tana kan bencin bakin ofishin injiniya kafin masinja ya buɗe ƙofa, kuma duk wanda ya gaishe ta sai ya ji labarin kwalbati, da muryar da ake ji har wurin ajiye motoci. Wata huɗu tana haka. Aka ce ta kawo takarda, ta kawo. Aka ce injiniya ya yi tafiya, ta ce za ta jira shi. A ƙarshe aka fasa hanyar aka saka kwalbati mai baki uku, wasu suka ce don a ceci layin, wasu suka ce don ofishin ya huta. Har yau kwalbatin Inna ake ce da shi. Shekara goma sha tara ke nan. Tun daga lokacin ƙusa uku kacal ta ƙara, duk ba su wuce idon sawu da yawa ba.

Bana, ana saura wata guda damina ta faɗi, aka manna wa kowane shago a layin takarda daga ofishin gunduma. Ba za a sabunta lasisin duk mai sana'a a wurin da ambaliya ke shiga ba, sai ya kawo shaidar inshora. Wanda bai kawo ba kafin ruwan farko, za a garƙame masa ƙofa. Kamfanin inshora ɗaya ne yake zuwa gundumar, kuma yana da taswira wadda aka shafe layin gaba ɗaya da jan launi.

Mai Faci, maƙwabcinta na hannun hagu, shi ya zo mata da sauran bayanin, don babu labarin da ke wuce shi. Ya tsaya a ƙofa yana goge hannu da tsumma.

"Inna, kin ji? Mutumin inshora zai zo ran Laraba ya duba shaguna. An ce in ya ga alamar ruwa a bango, ko zama ba ya yi."

"To ya tsaya. Da ma benci na masu niƙa ne."

"Ni dai na sa an shafe nawa. Mai walda ma haka, da mai wanki. Autanki ne ma yake mana aikin, Allah ya yi masa albarka, bango ya koma kamar ba a taɓa haihuwar kogi ba."

"Kai da kullum kake cusa taya a ruwa don ka ga inda ta huje, yau kai ne mai ɓoye huji?"

Mai Faci ya yi dariya ya ce, "Wannan daban, Inna. Taya ba ta da lasisi."

Auta shi ne ƙaramin ɗanta, magidanci mai shekara talatin da biyar, mai fenti ne, kuma gwani. Da yamma ya shigo shagon, ya jira ta kashe inji, ya hau matakala ya taya ta share gari. Inna ta san in Auta ya ɗauki tsintsiya ba a sa shi ba, akwai magana.

"Inna, ƙusoshin nan."

"Me suka yi maka?"

"Mutumin nan yana shigowa su zai fara gani. Goma sha ɗaya fa. Kamar kin rubuta masa a goshi cewa ruwa ya shiga nan sau goma sha ɗaya."

"To sau nawa ya shiga?"

"Ba wannan nake nufi ba. Mu cire su kwana biyu kawai. In ya tafi, ni da kaina zan mayar miki."

"Kakanka ya kafa huɗu. Ubanka biyu. Ka ga ɗayansu ya taɓa cirewa don baƙo zai zo?"

"Su ba a ce za a rufe musu shago ba!" Muryar Auta ta ɗan tashi, ya yi sauri ya sauke ta. "Inna, marayun Yaya uku suna ɗakinki, da injin nan suke ci, da shi suke zuwa makaranta. Ke kuma in aka raba ki da shi, wata biyu ba za ki yi ba za ki kwanta. Na san ki."

Inna ta dube shi. Gaskiya ya faɗa, ta kuma san gaskiya ce. Babbar 'yarta ta rasu shekara huɗu da suka wuce, yaranta suna hannunta. Amma sai ta karɓe tsintsiyar daga hannunsa.

"Ni ban yi wa ruwa ƙarya ba, ba zan fara da mai biro ba. Kada ka taɓa min ƙofa."

Ran Talata ta tafi ofishin gunduma karɓo fom. Layi ya yi tsawo, ba ta dawo ba sai da rana ta karkata. Tun daga bakin layin hancinta ya gaya mata. Ƙofar shagonta tana walƙiya da sabon fenti shuɗi, katakon sumul kamar an fito da shi daga kanti. Ta miƙa hannu inda ta saba dafawa in za ta shiga, kan ƙusar ƙoli, hannun ya zame a banza.

Auta yana ciki yana wanke buroshi. Mai Faci ya leƙo daga shagonsa, ya ga fuskar Inna, ya koma ciki ya kama buga wata taya wadda ba ta bukatar bugu.

Abin da ya tsorata Auta shi ne ba ta ɗaga murya ba. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin ta yi magana a hankali ba sai ranar.

"Ina suke?"

Ya nuna wani gwangwanin fenti a ƙarƙashin benci. "Ban zubar ba, Inna. Wallahi ko ɗaya ban zubar ba. Ramukan na cike su da garin katako da gam, na goge, na shafa sau biyu. Gobe in ya tafi…"

Ta ɗauki gwangwanin, ta zazzage ƙusoshin a tafin hannunta ta ƙirga, ta mayar. Ta rufe shagon ta wuce gida da gwangwanin a hammata.

Da safiyar Laraba mai inshora ya iso a kan babur, dogon mutum siriri mai tabarau, da jaka a rataye da tef ɗin awo a aljihun gaba. Daga can saman layin ya fara. Inna tana kan dakali tana niƙa, tana ganinsa yana shiga shago yana fitowa, ko'ina bai fi minti biyar ba. Auta ya zo da wuri cikin rigarsa mai kyau ya tsaya a ƙofa. Da mutumin ya iso, Inna ta kashe inji ta sauko.

Ya gaishe ta da ladabi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya shaƙi iska, ya taɓa katakon da yatsa, ya duba yatsan. Sai ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji tun rana ba ta yi nisa ba.

"Wa ya yi fentin?"

Auta ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Da ma lokacin gyara ne ya yi."

"Aikinka yana da kyau. Shago na bakwai ke nan da na shiga a layin nan, duk lokacin gyaransu ya yi a mako ɗaya." Ya buɗe jakarsa ya fito da taswira ya nuna wa Inna. "Mama, ga layinku, ja ne gaba ɗaya. Ni aikina in ga ko ruwa ina yake kaiwa a kowane shago. In na zo na tarar an shafe, ba ni da abin aunawa, dole in rubuta abin da taswira ta ce. Ita kuma ta ce har ƙirji. Kamfani ba ya karɓar haka. Ki yi haƙuri."

Ya fara naɗe takardar. Auta ya yi tsuru-tsuru.

Inna ta ce, "Ɗan nan, taswirar taka yaushe aka zana ta?"

Ya duba ƙasan takardar. "Shekara goma sha takwas."

"Ashe tsohuwa ce kamata. Zauna."

"Mama, ina da sauran shaguna…"

"Na ce zauna. Na yi wata huɗu a kan benci ina jiran irinku, kai ma ka ɗanɗana kaɗan."

Mutumin ya dubi Auta, Auta ya dubi ƙasa. Ya zauna a bencin masu niƙa, tsakanin wata mata mai kwanon masara da buhun dawa. Inna ta jawo gwangwanin, ta ɗauko sukundireba daga akwatin kayan inji, ta durƙusa a gindin ƙofa. Ta tsaya tana shafa katakon da yatsu. Auta gwani ne da gaske, ko alamar rami babu. Ta miƙe, ta jingina ƙafarta da katakon, ta auna daidai tsakiyar ƙwaurinta, ta kafa tsinin ƙarfen ta murza. Fenti ya ɓare, amma katako ne tsantsa a ƙasa. Ta matsa kaɗan ta sake. Nan ma babu. Ta buga tsaki, tana shirin sake kafawa.

"Ba nan ba ne, Inna." Auta ne. "Ki yi sama da yatsa biyu, ta wajen ciki."

Ba ta juyo ba. Auta ya naɗe hannun rigarsa mai kyau, ya durƙusa kusa da ita, ya karɓi sukundireban. Bugu ɗaya, garin katako ya zubo, ga rami baƙi da tsatsa a bakinsa.

Inna ta zaɓo wata doguwar ƙusa mai kusurwa huɗu, irin wadda maƙera suke bugawa da hannu. Ta shige ramin kamar ba ta taɓa fita ba.

"Wannan ta mahaifina ce. Ina da shekara bakwai. Shekara sittin da ɗaya ke nan."

Mai inshora ya gyara tabarau. Ya zaro wata takarda daga jaka, jerin shekarun da ofishin kula da kogi ya rubuta an yi ambaliya. Ya bi da yatsa har can sama. "Akwai ta," ya ce a hankali.

Auta yana buɗe ramuka, Inna tana mayar da ƙusoshi, kowace ta san ɗakinta. Ga ƙusar kwano mai hula, ta shekarar da rufin shagon ya yaye. Ga wata 'yar ƙarama ta takalmi, don ranar duk ƙusoshin kafinta ruwa ya tafi da su, sai wurin baduku aka aro. Ga noti mai zare, na Malam, wanda ya ce shi makanike ne, ba zai buga abu da guduma kamar ɗan koyo ba.

"Wannan shekarar aka haifi wannan mai shafe-shafen. A kan dakali na ajiye shi cikin kwandon wanki, shi da injin suka kwana a bushe," in ji Inna, tana nuna Auta.

Matar mai masara ta tuntsire da dariya. Mai Faci, wanda ya daɗe a bakin ƙofa yana yi kamar wucewa yake, ya ce, "Ashe tun yana jariri ake ɓoye shi daga ruwa, shi ya sa ya iya ɓoyo."

"Kai rufe mana baki, mai sabon bango," in ji Inna.

Zuwa lokacin mai inshora ya bar bencin. Yana tsugune da tef, yana auna kowace ƙusa daga ƙasa, yana rubutawa. Da aka kai ta bakwai da ta takwas ya ɗaga kai yana kallon yadda suka yi tsalle sama.

"Me ya faru a nan?"

Ta ba shi labarin hanya da 'yar kwalbati. Ya duba ta ƙirji, ya duba taswirarsa, ya yi lissafi da baki. "Bayan wannan da shekara ɗaya aka zana taswirar."

"Ka gani. Ranar da na fi muni aka ɗauke ni hoto, aka rataye shekara goma sha takwas."

Suka mayar da ukun ƙarshe, can ƙasa kusa da idon sawu. Mai inshora ya bi jerinsa ya ɗaure fuska. "Mama, ni tara gare ni a takarda. Biyu daga cikin ƙananan nan ofishin kogi bai rubuta su ba."

"To ƙara su."

"Inna!" Auta ya dafe kai. "Mutum ya ce tara, ke kina cika masa sha ɗaya?"

"Sha ɗaya ne. In ofishin kogi barci yake yi, ni ban yi ba. Rubuta, ɗan nan."

Ya rubuta. Ya hau matakala ya auna dakalin, ya sauko ya sake auna ƙusar ƙoli. Taƙi biyu cif. Sannan ya ɗauko fom ɗin da Inna ta karɓo, ya karanta tambayar ƙarshe.

"Ruwa ya taɓa taɓa injin kansa?"

Auta ya buɗe baki. Inna ta dube shi, ya rufe.

"Ya taɓa," ta ce. "Kwana biyu ya yi a ciki, shekarar waccan ta sama. Ni na kwance shi na shanya, ga shi nan yana aiki, ya fi babur ɗinka lafiya. Tun daga nan ko ɗigo. Amma ya taɓa."

Mai inshora ya riƙe biro a sama na ɗan lokaci. "Kin san wannan amsar ba za ta taimake ki ba."

"Ba taimako ka tambaye ni ba. Tashi mu je ka ga kwalbatin."

Bai so ba, amma ya bi ta. Ta sa shi ya sauka cikin ramin da takalminsa mai kyau, ya auna bakuna ukun ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a sama tana gaya masa inda zai sa tef. Da zai hau babur ya ce ba shi ne mai yanke hukunci ba, shi dai zai kai abin da ya gani.

"Kai shi duka," in ji Inna. "In sun ƙi, ka gaya musu ina da tabarma."

Kwana goma sha shida babu labari. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas da rana tsaka, yana watsewa. Auta ya rame. Kullum sai ya biyo ta shagon, ya share gari ya tafi. Inna ta riga ta wanke tabarmarta ta naɗe ta a bayan ƙofa, kowa ya gani.

A rana ta goma sha bakwai takardar ta zo, mai inshora da kansa ya kawo. Kamfani ya karɓi injin, shi kaɗai, muddin yana kan dakalinsa. Bai karɓi daɓen shagon ba, bai karɓi hatsin mutane in an ajiye a ƙasa ba. Taswira kuma tana nan ja, gyaranta ba aikin mako biyu ba ne. A ƙasan takardar an ƙara layi ɗaya da biro: kada a cire alamomin ruwa da ke jikin ƙofa.

Inna ta sa Auta ya karanta wannan layin sau biyu, da ƙarfi, yadda Mai Faci zai ji. Ta kai takardar ofishin gunduma, aka buga wa lasisinta hatimi. Kafin mako ya zagayo Auta ya kafa mata katakai a bango sama da ƙusar ƙoli don ajiye kwanukan mutane. Su mai walda da mai wanki kuwa, da Mai Faci, sai ga su suna kankare sabon fentinsu da wuƙa suna neman tsohon layin laka, don mai inshora ya ce zai dawo ya sake dubawa. Auta aka sake kira ya yi kankarar.

Ƙofar Inna tana nan shuɗiya, da tabo goma sha ɗaya da ramuka biyu na kuskure. Auta ya ce bari ya gyara. Ta ce a bar su, waɗannan na shekarar da ɗanta ya yi wayo ne.

Ruwan farko ya sauka da hantsi, na biyu da na uku suka biyo. A tsakiyar damina aka yi kwana uku ana tsugawa, kogi ya cika, ya ratso gonaki, ya shigo layin da rana tsaka. Inna tana kan dakali, inji yana ruri, sabuwar ƙusa tana cikin aljihun rigar aikinta, guduma a kan matakala. Tana niƙa tana kallonsa ta ƙofa. Ya zo ya laso dokin ƙofar, ya tsaya yana juyi da ganyaye da tsummokara. Sannan ya ji kiran kwalbati, ya fara zamewa baya.

Ta leƙo, gira fari fat, ta ɗaga murya sama da ƙarar injin.

"Bana ba ka samu ƙusa ba! Wuce!"

Ta miƙa hannu ta karɓi kwano na gaba.